Yadda Ake Horar da Magini a Kwalejin Fasaha

Abin da ya fi ƙona ran sabon ɗalibi a sashen gini shi ne sauke bangon da ya yini yana ɗorawa. Tun safe yana durƙushe, ya jera bulo layi huɗu, ya goge bakin kwaɓi tsaf, yana jiran yabo. Sai malam ya zo ya jingina ma'auninsa a jikin bangon, ya dubi 'yar ƙwayar iskar nan da ke yawo cikin ruwan ma'aunin, ya ce, "Ya yi ciki. Sauke." Ko bai yi ciki ba ma, sai an sauke kafin a tashi, domin bulon na makaranta ne, gobe wani ajin zai yi aiki da shi. Shi ya sa a rumfar koyo ba a ɓarnar siminti. Kwaɓi ake yi mai rauni wanda za a iya kankarewa a sake jiƙawa. Yaron da ya koyi gini a hannun maigida bai san wannan gata ba. Shi duk bulon da ya aza na mutane ne, in ya karkace sai filasta ta rufa masa asiri.

Ana shiga kwalejin fasaha ne bayan an gama aji uku na ƙaramar sakandare, kuma karatun shekara 3 ne. Manhajar tana fitowa daga Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977. Jarrabawar fita kuwa ta NABTEB ce, mai hedikwata a Benin, wadda aka kafa a 1992 don ta gaji irin su jarrabawar City and Guilds ta Landan, waccan da dattawan ma'aikata ke taƙama da takardarta. Ɗalibi yakan kama sana'a ɗaya: ko gini da kankare, ko kafinta, ko aikin famfo, ko fenti, ko wayarin ɗin lantarki. Baya ga sana'ar akwai Turanci da lissafi da kimiyya. Iyayen da ke kai yaro can don wai "ba ya ja a boko" suna shan mamaki, don lissafin da ya gudo wa yana nan yana jiran sa a bakin ramin fandisho.

Kafin ya taɓa cokalin gini, fensir ake fara ba shi. Zai koyi zana gida kamar an ɗauke rufinsa ana leƙowa daga sama, da zana fuskarsa, da zana shi kamar an raba shi biyu yadda ake yanka kabewa, a ga abin da ke ciki tun daga harsashi har kwano. A zanen da aka yi bisa awon 1:100, kowace santimita 1 a takarda mita 1 ce a ƙasa. Yaran sun tsani wannan darasi. Amma shi ne yake raba wanda za a miƙa wa takarda a tafi a bar shi, da wanda sai an tsaya a kansa ana nuna masa da sanda.

Daga nan sai shata gini, wato sauko da zanen nan daga takarda zuwa fili. Nan ne malamin kirki yake cinye makonni ba ya sauri. Ana share fili, a kwashe ƙasar sama mai ciyawa da saiwoyi. A nemo iyakar fili, a auna tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi, a kafa turaku biyu, a buga ƙusa a kan kowanne, a ja igiya. Wannan shi ne layin gaba, kuma duk gidan daga jikinsa zai fito. Sai fitar da kusurwa. Daga ƙusar farko a auna mita 3 a kan igiyar, a yi alama. A ja wata igiyar zuwa baya, a auna mita 4 a kanta. Yanzu sai a riƙa gusa igiya ta biyu, dama ko hagu, har tsakanin alamomin biyu ya zama mita 5 cif. Da ya cika 5, kusurwa ta tsaya. Magina da yawa a gari suna yin haka da ƙafa 3 da 4 da 5, sun gada ne ba tare da an gaya musu dalili ba. Ɗalibi kuwa ya gani a allo: 9 a tara da 16 ya ba da 25, wato 5 sau 5. Saboda haka in fili babba ne ya san zai iya ninkawa zuwa 6 da 8 da 10, awon ya ƙara inganci.

In an fitar da kusurwa huɗu, sai a gicciya awo daga wannan kusurwa zuwa wadda ke can tsallake, a sake yi ta ɗaya ɓangaren. Dole su zo daidai. Na taɓa ganin wasu yara biyu sun samu bambancin santimita 4, ɗayan ya ce, "Malam, ai wannan ba komai ba ne." Malamin bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Kai ba za ka gani ba. Mai sa tayil ne zai gani, shi zai tsine maka." Suka tuge turaku suka sake.

Da yake turakun nan za su tafi da zarar an fara haƙa, sai a ja baya kamar mita 1 ko fiye, a kafa katako a kwance a kan ƙafa biyu a kowace kusurwa. A kansa ake buga ƙusoshi huɗu: biyu na gefe su nuna faɗin rami, biyu na tsakiya su nuna kaurin bango. Katakan duka sai sun zama tsayi ɗaya, kuma da siririn tiyo mai garai-garai cike da ruwa ake daidaita su, tunda ruwa ba ya yarda ya fi ɗan'uwansa tsayi. Sai a ja igiyoyi, a bi ƙarƙashinsu da toka ko farar ƙasa, a miƙa wa masu diga da shebur.

Ƙa'idar da ake fara koya masa ita ce faɗin harsashi ya ninka kaurin bango sau uku. Bulo mai inci 9 kaurinsa milimita 225 ne, don haka raminsa 675. Zurfi kuwa ƙasa ce ke yanke hukunci. Jar ƙasa mai tsauri ba ta neman zurfin da fadama ke nema, baƙar ƙasar nan kuma ta wajen Tafkin Chadi, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, ba ta mai sana'a ba ce shi kaɗai, sai an kira injiniya. Sanin inda iyakarsa take ma darasi ne.

Kwaɓi da awo ake yi, ba da ido ba. Kankaren harsashi 1:3:6 ne, siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida. Na linta da fila da dakin 1:2:4. Buhun siminti mai kilo 50 yana cika kwanon gini biyu, daga nan ake lissafa sauran. Ana gauraya kayan a bushe har launinsu ya zama ɗaya kafin a zuba ruwa, ruwan kuma kaɗan-kaɗan. Lebura yana son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi daɗin ɗiba, amma duk ruwan da ya wuce kima in ya bushe ƙananan ramuka yake bari a cikin kankare. Akwai wani mazubi na ƙarfe mai tsayin milimita 300 da ake cikawa hawa uku, kowane hawa a soke shi da rodi sau 25, sannan a ɗaga a auna yadda kwaɓin ya zauna. Yashi ma ana gwada shi: a zuba a kwalba da ruwa, a girgiza, a ajiye. Laka za ta kwanta a sama. In ta kai kashi ɗaya cikin goma, yashin sai an wanke ko a mayar wa mai tifa.

Aza bulo daga kusurwa ake farawa. A tayar da kusurwoyin biyu, a tabbatar sun miƙe, a ja igiya tsakaninsu, sannan a cike tsakiya, kowane bulo yana kusa da igiya amma bai taɓa ta ba. Na sama ya hau rabin na ƙasa, kada gaɓa ta hau kan gaɓa, in ba haka ba tsaga ta samu hanya ɗoɗar daga sama har ƙasa. Kaurin kwaɓi tsakanin bulo kamar na ɗan yatsa. Hannu ne ke koyon wannan, ba kai ba, shi ya sa ake ta ɗorawa ana saukewa. Idan gini ya taso aƙalla milimita 150 daga ƙasa, sai a shimfiɗa abin da zai hana danshi hawa, leda mai kauri ko takardar kwalta. Linta sai ta zauna aƙalla milimita 150 a kan bango ta kowane gefe, rodin cikinta kuma a ɗaga shi da 'yan ƙananan duwatsun siminti don kankare ya lulluɓe shi, kada ya yi tsatsa.

Sannan ban ruwa. Siminti ba bushewa yake ya yi ƙarfi ba, haɗuwa yake da ruwa a hankali. Ana jiƙa kankare aƙalla kwana 7, ƙarfin da ake lissafi da shi kuma sai ya kwana 28. Da hunturu, lokacin da iska ke zuƙe danshi nan da nan, wanda ya yi sakaci da wannan ya zubar da rabin kuɗin simintinsa.

Darasin da na fi ganin darajarsa, kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne kula da ginin da ya riga ya tsaya. Kakanninmu ba su raba gini da gyara ba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 da ƙasa aka yi shi, kuma kowa ya san ginin ƙasa da yaɓe da duba indararo yake rayuwa. Da siminti ya zo sai muka ɗauka an gama. A kwaleji ana koya wa ɗalibi duba gida daga sama zuwa ƙasa kafin ruwan farko: ƙusar kwano da ta ɗago, indararon da ya toshe, tabon ruwa a silin, hanyar gara a jikin katako, fentin da ke ɓarewa a gindin bango. Ana kuma hana shi saurin ɗaukar cokali. Tabon silin ba lallai a saitinsa kwano ya huje ba, ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗigo. Gindin bangon da ke fitar da farin gishiri danshi yake sha daga ƙasa, in ka sake masa filasta kawai baɗi war haka za a sake kiran ka. Tsaga ma iri-iri ce. Siririya mai kamar saƙar gizo ta filasta ce. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, tana buɗewa, maganar harsashi take yi. Sai a manna ɗan gilashi a gicciye a kanta, a rubuta kwanan wata a gefe. In an dawo an tarar ya fashe, ginin bai gama motsi ba, toshewa ɓata kuɗi ne.

Ana kuma tura ɗalibai wuraren aiki na gaske su ga yadda ake yi. Can ne yaro zai ga birkila ya aza bulo goma kafin shi ya daidaita uku, ya ji leburori suna kiran sa "Injiniya" suna dariya. Can ne kuma zai ga an ƙara yashi a kwaɓi don siminti ya kai yamma. Mai wayo yakan kama bakinsa, ya ce "To, maigida," ya saci saurin hannu, ya bar musu ƙarin yashin.

Wanda ya ci jarrabawar NABTEB yana samun takardar NTC. Da ita zai iya neman babbarta ta ANTC, ko ya wuce foliteknik irin ta Kaduna ya karanta fasahar gini, ko ya haɗa da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, mai hawa uku, ya shiga kasuwa. Jarrabawar tana da ɓangaren rubutu da na aikin hannu. A na hannun, ana ba shi zane da kayan aiki da lokaci ƙayyadadde. Mai dubawa zai auna tsawo da faɗi, ya jingina ma'auni a fuska da kusurwa, ya duba gaɓoɓi, ya dubi ƙasa ya ga yawan kwaɓin da aka zubar. In ya gama rubuta maki, ɗaliban su sauke bangayensu, su kankare bulon, su jera shi a gefen rumfa.