Tarihin Toyota Hilux Daga 1968 Zuwa Yau: Abin da Mai Sayen Ta Hannu Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyukan Batsari da Safana da damina, ko ya ga yadda ake lodin buhunan gero da masara da rogo ranar kasuwar Batsari, ya san cewa ba kowace mota ce ke jure wannan aiki ba. A da Peugeot akori-kura ce ke riƙe da hanyoyin, tun da kamfanin PAN ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Yau kuwa mai hali idan zai sayi motar ɗaukar kaya, Hilux ce ke fara zuwa masa a rai.

Sai dai sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, don haka ta hannu ake nema. A nan ne ake cin kuɗin mutane, domin akwai gareji-garejin da ke cire wa tsohuwar Hilux fitilu da bamba da giril, su saka mata na sabon yayi, a fesa fenti, a kai ta kasuwa da farashin da ba nata ba. Sanin tarihin motar shi ne zai kare ka daga wannan.

Asalin Hilux

Kamfanin Toyota ya fitar da Hilux a watan Maris na 1968 a ƙasar Japan, kuma kamfanin Hino ne ya riƙa ƙera masa ita. 'Yar ƙaramar mota ce a lokacin, mai inji lita 1.5. Zubi na biyu ya fito a 1972, na uku a 1978. A 1979 aka samu sauyi biyu da suka ɗaga darajarta: aka fara yin mai jan ƙafa huɗu, wato mai ogzilari, aka kuma saka mata injin dizal.

Zubi na huɗu na 1983 da na biyar na 1988 su ne suka jawo mata sunan motar da ba ta mutuwa. A yaƙin Chadi da Libiya na 1987, sojojin Chadi sun yi amfani da Hilux da Land Cruiser suka fatattaki tankokin Gaddafi a cikin sahara, har aka riƙa kiran yaƙin da sunan Toyota. A 2003 kuma shirin motoci na Top Gear na BBC ya jefa wata tsohuwar Hilux mai dizal a teku, ya cinna mata wuta, ya ɗora ta kan dogon bene aka rushe shi da nakiya, amma da bakanike ya taɓa ta sai ta tashi.

Wannan suna ne dillalai ke sayarwa har yau. Amma ka sani, Hilux ɗin wancan zamani ƙarfe ce zalla da inji marar kwamfuta. Ta yanzu ta fi ƙarfi da daɗin tuƙi, ta kuma fi son kulawa.

Zubi uku da za ka tarar a kasuwa

1. Zubi na shida, daga 1997. Injinanta da aka fi sani su ne 3RZ mai fetur lita 2.7 da 5L mai dizal lita 3.0 marar turbo. Ba ta da gudu, amma kusan kowane bakanike ya san ta. Matsalarta tsufa: da wuya ka samu wadda ba a taɓa sauke injinta ba.

2. Zubi na bakwai, daga 2004 zuwa 2015. Ita ce ake kira Vigo a Tailan, kuma daga wannan zubi ne ƙera ta ya koma Tailan da Afirka ta Kudu da Ajantina. Ta fi na baya girma da faɗin ciki. Tana zuwa da 2TR mai fetur lita 2.7, ko dizal mai turbo 2KD lita 2.5 da 1KD lita 3.0, waɗanda ake rubuta wa D-4D. An kuma ci gaba da saka wa wasu na kasuwar Afirka tsohon injin 5L.

3. Zubi na takwas, daga 2015, wadda ake kira Revo a Tailan. An kawo sababbin injinan dizal, 2GD lita 2.4 da 1GD lita 2.8, an bar 2TR ga masu son fetur. A 2020 aka sabunta mata fuska aka ƙara wa injin 2.8 ƙarfi. Wannan fuskar ta 2020 ce aka fi liƙa wa tsofaffi.

Yadda za ka gane ainihin shekarunta

Fuska ana sauya ta cikin kwana biyu, amma akwai wuraren da ke tona asiri.

Na farko, ɗan allon da ke ɗauke da lambar samfuri, wanda ake samu a ɗakin inji ko a ginshiƙin ƙofa. Haruffan farko suna faɗa maka injin da aka haife ta da shi: TGN fetur ce, KUN dizal ce ta D-4D, GUN sabuwar dizal ce, LAN kuma mai 5L. Idan lamba biyu ta biyo baya, kamar KUN25 ko TGN26, zubi na bakwai ce ko da fuskarta ta bara ce. Idan lamba uku ce, kamar GUN125 ko TGN126, to zubi na takwas ce.

Na biyu, lambar shasi mai harafi da lamba 17. Wadda ta fara da MR0 a Tailan aka ƙera ta, AHT kuma Afirka ta Kudu. Ka tabbatar wadda aka buga a jikin ƙarfen shasi ta yi daidai da ta allo da ta takardu, kuma babu alamar gurza ko walda a kewayenta.

Na uku, ɗan ƙyallen da ke ƙasan bel ɗin kujera, wanda yawanci ke ɗauke da shekarar da aka yi shi.

Na huɗu, sitiyari. Tailan da Afirka ta Kudu a hannun hagu suke tuƙi, don haka motocin da aka yi domin cikin gidansu sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, shi ya sa ake juya wa irin waɗannan motoci sitiyari. Leƙa ƙarƙashin dashbod da bangon da ke tsakanin inji da direba. Idan ka ga faci da walda da wayoyin da aka yanke aka haɗa, an juya ta, kuma birki da sitiyarin da aka yi wa aikin gaggawa kasada ne da rai.

Fetur ko dizal?

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan tambaya ta ƙara nauyi. Dizal ta fi jan kaya da tsimin mai. Amma injinan D-4D da GD suna fesa mai da matsi mai tsanani, kuma nozul ɗinsu ba ya jure gurɓataccen mai ko mai ruwa a ciki. Wanda yawancin mansa daga jarkar bumburutu yake, zai iya kashe kuɗin da ya tara a kan nozul da famfon mai, kuma gyaran sai an kai Katsina ko Kano wurin masu na'urar gwaji. Injin 2TR ya fi shan mai, amma ya fi haƙuri, kuma kayan gyaransa ba sa wuya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna.

Akwai kuma batun taimin. Injinan KD da 5L bel suke amfani da shi, kuma na KD ana sauya shi duk kilomita 150,000. Idan ya tsinke ana cikin tafiya yana iya lalata inji, don haka ka tambayi yaushe aka sauya. 2TR da GD sarƙa ce da su.

Ina batun Tundra?

Wasu kan ga Toyota Tundra 'yar Amurka, ƙatuwa, su ce ai gara ita. Tundra ta fito ne a 1999 domin ta goga da irin su Ford F-150. Zubinta na 2007 ya zo da injin V8 lita 5.7, wanda ya ninka na Hilux girma, kuma shan mansa ma ba na wasa ba ne. Faɗinta kan zame mata matsala a siraran hanyoyin gona, kayan gyaranta kuma sai an yi aike. Ga tsatsa: a jihohin Amurka masu ƙanƙara gishiri ake zubawa a titi, har Toyota ta janye Tundra na 2000 zuwa 2003 domin gyaran shasin da tsatsa ta ci. Ga mai zirga-zirgar Abuja da Kaduna tana da daɗi. Ga mai jigilar amfanin gona daga Ruma ko Runka, Hilux ta fi dacewa.

Kafin ka biya kuɗi

Ka tambayi inda motar ta yi aiki. Yawancin Hilux na hannu sun fito ne daga ma'aikatun gwamnati da kamfanonin gine-gine da jami'an tsaro. A jiharmu ma, da aka ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Hilux aka ba su. Motar da ta yi sintiri a bakin dajin Rugu ko ta yi jigilar siminti ta sha wuyar da mitarta ba za ta nuna ba. Ramukan ƙusa a bayanta da kan rufi alama ce ta an taɓa ɗaura kujerun sintiri ko jiniya. Irin wannan sai ka ga takardar gwanjo ta gaskiya.

Ka shiga ƙarƙashinta da tocila, ka duba ko shasi ya lanƙwashe ko an yi masa ɗori, ka ƙirga ganyen sufirin na baya. Ka tada ta da safe inji na sanyi, ka lura da hayaƙi: shuɗi na nufin tana cin baƙin mai, farin da ba ya ɗaukewa kuma ruwa ne ko nozul. Ka kai ta cikin yashi ka gwada ogzilari, kada ka yarda da gwajin kwalta kaɗai.

Sai takardun kwastam. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma mu da ke kusa da Jibiya mun san yawan shingayen da ke kan hanya. Ka je ofishin kwastam da kanka a tantance takardar da lambar shasi kafin ka ba da ko sisi.

Daga ƙarshe, ka tafi da bakaniken da zai riƙa gyara maka ita, ba wanda dillali ya kawo ba. Idan ya ce bai san injin ba, to ka nemi wanda ya sani kusa da gida, ko ka sauya zaɓi. Allah ya sa a saya a sa'a, ya kuma kawo mana zaman lafiya a yankunanmu, amin.