Wasiƙa Zuwa Ga Ƙannena Masu Neman Jari



Duk wanda ya zo mini da maganar sana'a a cikinku, kukansa ɗaya ne: da a ce akwai jari. Shi ya sa zan ba ku labarin Arthur Rock, wani mai zuba jari na Amurka, don ku ga abin da mai kuɗi yake dubawa kafin ya sa hannu a aljihu.

A 1957 Rock yana aiki a kamfanin Hayden Stone a birnin New York, shekarunsa kusan 31. Sai ga wasiƙa daga wani injiniya, Eugene Kleiner. Shi da abokan aikinsa sun gaji da halin maigidansu William Shockley, duk da kyautar Nobel da ya ci, suna neman wanda zai ɗauke su aiki tare kada a raba su. Rock ya tashi takanas ya je Kalifoniya ya zauna da su. Da ya ga irin mutanen da suke, sai ya ce su kafa nasu kamfanin. Ya bi kamfanoni sama da 30 yana nema musu kuɗi, kowa ya ce Allah ya ba da sa'a, har Sherman Fairchild ya amince. Haka mutum takwas suka kafa Fairchild Semiconductor.

Bayan shekara 11, a 1968, biyu daga cikinsu, Robert Noyce da Gordon Moore, suka so fita su buɗe wani sabo. Rock ya tara musu dala miliyan 2.5, alhali takardar bayanin kasuwancin ba ta kai shafi biyu ba. Kamfanin shi ne Intel. Wannan takarda ita nake so ku tsaya a kanta. Mu nan muna ɓata watanni muna ƙawata takardu da zane da alƙaluman riba na mafarki. Su kuwa shekaru 11 da Rock ya yi yana kallon aikinsu da cika alkawarinsu sun riga sun yi musu magana. Ai ko a Kantin Kwari, maigida ba ya sallamar yaronsa da jari sai ya daɗe yana ganin yadda yake riƙe aljihun shago.

Rock ya sha bayyana cewa mutum yake zuba wa kuɗi, domin dabara tana da yawa, mai iya aiwatar da ita ne ya yi ƙaranci. Abin da ya fi nema shi ne wanda ba ya yaudarar kansa, wanda in ciniki ya faɗi zai ce ya faɗi. Yakan yi zama da yawa da mai neman jari, yana tambaya yana saurare, har halin mutum ya fito fili.

A 1978 ma, shigar Steve Jobs na kamfanin Apple ba ta burge Rock ba. Mike Markkula, wanda ya sani tun a Intel, shi ya ja hankalinsa ga kamfanin, sannan ya je baje kolin kwamfuta ya ga jama'a sun yi dafifi a rumfar Apple, kafin ya zuba kusan dala 57,000.

Don Allah ƙannena, wanda yake da ƙaramar sana'a a hannu yau, ya sayi littafi ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har da ranar asara. Wanda ya ci bashin dubu biyar ya biya ranar da ya faɗa. In kun zo wurina nan gaba, ku taho da littafin, mu duba tare.

Wassalam,
Yayanku