Darasi Daga Wani Tsohon Hoto

Darasinmu na wannan wata a kan wani hoto ne da a ke ajiye da shi a gidan tarihi na Smithsonian, cikin birnin Washington na Amurka. Ba da na'ura aka ɗauke shi ba. Da hannu aka zana shi a kan yadi mai kauri, da fenti irin wanda a ke damawa da mai. Irin wannan fenti ba ya bushewa da wuri, amma in ya bushe ya kan daɗe ƙwarai, shi ya sa har yau hoton yana nan.

Wanda ya zana shi

Sunansa George Catlin. An haife shi a 1796 a jihar Pennsylvania. Aikin lauya ya koya, sa'an nan ya bar shi ya kama zane. Daga 1830 ya yi ta yawo cikin ƙabilun asali na Amurka, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, har ya yi hotuna wajen 500 na mutane da al'adunsu. A 1834 ya iske wata ƙabila da a ke ce da ita Cokto tana wasan ƙwallo.

Abin da ke cikin hoton

Fili ne mai faɗi, cike da samari ɗaruruwa, waɗansu na gudu, waɗansu na tsalle, waɗansu sun faɗi. Kowane ɗan wasa yana riƙe da sanduna 2, kowace da 'yar raga a bakinta, gama ba a yarda a taɓa ƙwallon da hannu ba. Sun ɗaura jelar gashin doki a ƙugu, sashe guda kuma sun shafa farar ƙasa domin a bambanta su. A kowane gefe an kafa dogayen itatuwa, nan a ke jefa ƙwallo. Catlin ya ba da labari cewa a kan kwana ana rawa kafin wasan, tsofaffi 4 su ne alƙalai, waɗanda suka fara kai 100 kuwa su ne suka ci. Ya ce ana sa tukwane da barguna da dawaki caca a kai.

Abin da ba ya cikin hoton

Nan ne ya kamata mu lura. Wanda ya dubi hoton kawai zai ce mutanen nan ba su san wahala ba. Ashe baƙi ne a filin da su ke wasa. A 1830 gwamnatin Shugaba Andrew Jackson ta yi dokar tashin ƙabilun asali. Tsakanin 1831 da 1833 aka kwashe yawancin Cokto daga Mississippi zuwa ƙasar da a ke kira Oklahoma yanzu. Sanyi da yunwa da cuta suka kashe dubbai. Watau waɗanda Catlin ya gani suna tsalle, ba su daɗe da binne 'yan'uwansu ba. Sun rasa gonaki da kushewan kakanni, amma suka tafi da wasansu, gama shi ne ya kan tara su wuri ɗaya.

Catlin ya yi zaton mutanen nan za su ƙare, domin haka ya ke gaggawar zana su. Bai yi daidai ba. Shi ya ci bashi har hotunansa suka fita hannunsa a 1852, ya mutu a 1872, aka ba Smithsonian hotunan a 1879. Cokto kuwa suna nan, kowace shekara kuma suna gasar wannan wasa a Mississippi.

Darasi a gare mu

Na fari, hoto shaida ne, amma ba ya faɗin kome da kome. In mun ga hoto, mu tambayi wanda ya yi shi, da lokacin, da abin da ya bari a waje.

Na biyu, wasa ba aikin banza ba ne. Mu dubi gida. Da kaka, in an kawar da amfanin gona, a kan ga samari a dandali suna langa da kokawa da farin wata. Yau a Bomo da Samaru da Sabon Gari yaranmu sun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila, amma nawa ne cikinsu za su iya faɗin dokokin langa? Caca da faɗa lalle abin ƙi ne, amma ba a ƙona rumbu domin ɓera.

Na uku, kada mu jira baƙo ya zana mu. A 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, waɗansu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Nufinsu shi ne su karɓi fenti da dabarar Turawa, su zana rayuwar mutanensu da idon ɗan gida. A ƙofar gidanmu aka yi wannan. In yaro ya nuna baiwar zane, kada mu tsawata masa, mu saya masa takarda da fensir.

Tambayoyi

1. Me ya sami Cokto kafin Catlin ya gan su?
2. Ina Catlin ya yi kuskure?
3. Waɗanne wasanni ne iyayenmu suka yi waɗanda 'ya'yanmu ba su sani ba? Ku nemi tsoho ɗaya a unguwarku cikin wannan mako, ku rubuta abin da ya gaya muku.