Kafin ka kira shi ɗan ƙwaya, tambaye shi inda ya kwana

A da, da wuya ka ji an ce mutum ya rasa wurin kwana a ƙasar Hausa. Baƙo yana da zaure, almajiri yana da shagon malam. A gabashin Sakkwato wannan zance ya zama tarihi. Tun harin da aka kai Tabanni ta ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, wanda ya koro jama'a zuwa Gandi, ƙauyuka suke watsewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun samu sansani, wasu dangi sun matsa musu a ɗaki. Sauran su ne nake magana a kansu: masu kwana a kangaye, da ajujuwan firamare, da rumfunan kasuwa bayan an watse, da barandar masallaci, daga Wurno da Rabah da Goronyo har cikin birnin Sakkwato.

Aikina jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ina cikin masu fita duba irin waɗannan bayin Allah a inda suke. Abin da jama'a suka ɗauka shi ne ƙwaya ce take raba mutum da gidansa. Hakan yana faruwa. Amma a yawancin waɗanda nake gani a wannan yanki, rasa gidan ne ya riga ƙwayar zuwa.

Manomi ne da rumbunsa da fadamar albasarsa, bai taɓa shan ko sigari ba. An ƙone rumbun, an kore shanun, wataƙila an kashe ƙanensa yana kallo. Irin wannan ba zai ce maka yana da ciwon damuwa ba. Ciwon kai zai kawo maka, ko faɗuwar gaba, ko wani abu da yake masa yawo a jiki. Sai ka zauna da shi, ka rage murya, sannan zai ce: "Malama, ba ni kwana. In na rufe ido su nika gani." Ƙarar babur kawai ta isa ta sa shi zufa. Akwai waɗanda tun harin kasuwar Goronyo na watan Oktoban 2021, da gwamnatin jiha ta tabbatar ya ci rai 43, ba su iya tsayawa cikin cunkoso ba tare da ƙirjinsu ya riƙa bugawa ba. Wannan ciwo ne sananne a likitance, firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, kuma yana da magani.

To amma kafin ya iso gare mu, kemis ya riga mu. An ba shi diyazafam, wadda yara ke kira D5, ya samu barcin da ya daɗe bai yi ba. Da safe ga dako ko lodin buhuna da ciki babu komai, sai abokin aiki ya miƙa masa tiramol, ita kuma ta ɗauke masa jin gajiya da yunwa. Wadda likita ke rubutawa miligiram 50 ce ko 100. Ta bayan fage takan kai 225. Wata biyu, uku, jiki ya saba, guda ɗaya ta daina yi. Yaran da suka rabu da iyayensu kuwa sholisho suke shaƙa a tsumma, a ɓoye cikin hannun riga, domin shi ya fi arha. Mata ma suna ciki, sai dai sun fi iya ɓoyewa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, na shekarar 2018, ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da kayan maye, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 aka haramta maganin tari mai kodin, amma har yau ana tsintar kwalabensa a bayan kango.

Ga inda aikin yake ba mu wahala, kuma shi ne abin da masu ɗaki ba sa hangowa. Wasu daga cikin magungunan da muke bayarwa suna sa barci mai nauyi a farkon sha. Mai kwana a rumfa ba ya son barci mai nauyi: takalminsa ne matashinsa, 'yan kuɗinsa suna ɗaure a ƙugu, idan ya yi nisa sai ya farka babu ko ɗaya. Mace kuwa abin da take tsoro ya wuce sata. Saboda haka sai mutum ya sha maganin kwana biyu ya ajiye. Katin asibiti yana cikin baƙar leda tare da sauran dukiyarsa, ruwan sama ɗaya ya jiƙe shi. Ranar da aka ba shi ta komawa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware ta zo, kuɗin mota babu, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba. Sai a rubuta cewa ya ƙi magani. Bai ƙi ba. Magani ba tare da makwanci ba zuba ruwa ne a kwando.

Akwai abubuwa da nake roƙon kowa ya sani. Tiramol idan ta yi yawa tana kawo jijjiga kamar ta farfaɗiya, kuma sau da yawa ana cewa iskoki ne. Idan mutum ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa ciwo. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko madara, a nufi asibiti. Wanda kuma ya daɗe yana shan diyazafam, haɗari ne a ƙwace masa ita rana ɗaya. Jijjigar da ke biyo baya tana iya kisa. A hankali ake rage ta, ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya. Sannan duk wanda kuka ji yana yawan cewa gara ya mutu ya huta, kada a sallame shi da "ka yi haƙuri" kawai. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a duba shi.

Ba ni da faɗa da ruƙiyya. Na ga yadda addu'a take kwantar da zuciyar da ta firgita, kuma malaman da suka san abin da suke yi su ne ke turo mana marasa lafiya da kansu. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mari da bulala. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai taɓin hankali haƙƙin a mutunta shi. Kafin dokar ma, addini bai ba kowa izinin ɗaure ɗan Adam a turke ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ba za su isa Gandi ba. Mafita ita ce a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Wurno da Rabah da Goronyo su gane waɗannan ciwuka, a ajiye musu magungunan a kusa, yadda Kware za ta zama ta masu tsananin ciwo kaɗai. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta daɗe tana ɗaukar nauyin jinyar masu taɓin hankali marasa gata, kuma ta cancanci yabo. Abin da ya rage shi ne inda za su sa haƙarƙarinsu bayan an sallamo su.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah, ku daina sayar da waɗannan ƙwayoyi ba tare da takardar likita ba. Hakimai da limamai da masu hali, ɗaki ɗaya mai ƙyaure da tabarma ya isa ya sa mutum ya riƙe maganinsa. Idan akwai irin wannan bawan Allah a unguwarku, a samo masa wurin kwana, a samu mutum ɗaya da zai riƙe masa kati da magani, a raka shi asibitin da ya fi kusa.