Yajin Aiki a Filin Jirgi Lokacin Sallah da Hajji: Abin da Matafiyi Ya Kamata Ya Sani

Duk shekara, da azumi ya shiga goman ƙarshe ko aka fara jigilar maniyyata, sai tambaya ɗaya ta dawo bakin jama'a: me ya sa ba za a haramta wa ma'aikatan filin jirgi yajin aiki a irin wannan lokaci ba? Ni a sashen lodi nake aiki. Mu ne muke auna kaya, mu rarraba nauyinsu a cikin jirgi, mu cika takardar lodi wadda matuƙi ba ya tashi sai ya sa mata hannu. Don haka ina ganin fuskar matafiyi idan an soke tashi, ina kuma ganin abin da ke faruwa bayan ƙofar da ba ya shiga.

Mutane da yawa sun ɗauka matuƙi da masu hidima a cikin jirgi ne kaɗai ma'aikatan. A'a. Kafin jirgi ya bar Kano zuwa Jidda, sai mai ba da hanya a hasumiya ya amince, sai masu hasashen yanayi sun ba da rahoto, sai 'yan kwana-kwana suna bakin aiki, sai injiniya ya duba ya sa hannu. Mutum ɗaya ya janye, komai ya tsaya. An gani a watan Afrilu na 2025, lokacin da ma'aikatan hukumar hasashen yanayi ta NiMet suka shiga yaji: kamfanin Air Peace ya dakatar da tashin jiragensa, domin ba a shiga hadari da ka.

Masu kiran a haramta suna da hujja, kuma ba na raina ta. A ranakun 17 da 18 ga Afrilu, 2023, ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin sama sun yi yajin gargaɗi na kwana biyu, ana saura 'yan kwanaki Ƙaramar Sallah. Ranar 3 ga Yuni, 2024, yajin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC kan mafi ƙarancin albashi ya rufe filayen jirgi ana tsaka da kwasar maniyyata. Wanda zai je gida Sallah, in ya rasa yau, gobe na nan. Maniyyaci fa? Saudiyya na da ranar da take rufe karɓar alhazai, kuma Arfa ba ta jiran kowa. Na ga dattijuwa a sansanin alhazai kwance kan tabarma, ta yi matashin kai da jakarta, fasfo ɗaure a gefen zane, tana tambayar duk mai rigar aiki da ya gifta, "Ɗan nan, an ce yaushe ne?" Wataƙila gona aka sayar aka biya mata kujera. Ba ita ta riƙe wa kowa albashi ba.

Amma haramcin ai an gwada shi. Dokar sufurin sama ta 2022 ta sa aikinmu cikin ayyukan da ba a yarda a dakatar ba, kuma yaje-yajen da na ambata duk bayanta aka yi su. A Kanada, cikin Agustan 2025, gwamnati ta umarci masu hidimar jiragen Air Canada, kusan mutum 10,000, su koma aiki. Suka ƙi, sai da aka zauna a teburi. Ƙorafinsu har da aikin da suke yi kafin jirgi ya motsa, na shigar da fasinjoji da duba kayan ceto, wanda ba a biyan su. Akwai inda ƙarfi ya yi aiki: a 1981 Shugaba Reagan na Amurka ya kori masu ba jirage hanya sama da 11,000, amma an ɗauki shekaru kafin a cike gurbinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba ya fitowa a labarai. Ma'aikacin da aka toshe wa baki ba ya daina jin yunwa. Zai zo aiki, ƙwarai, amma da bashin haya a kansa, bayan ya kwana yana kabu-kabu. A aikinmu, in aka rubuta kaya suna rumbun gaba alhali suna na baya, daidaiton jirgin ya canza, matuƙi kuma da lissafin takardarmu yake tashi. Ku yi tunanin mai yin wannan lissafi da tsakar rana, ga azumi, ga zafin kwalta na ratsa takalmi, ga buhunan Ghana-must-go jibge, ga albashi an yi watanni ba a gani ba. Gara jirgi ya kwana a ƙasa da ya tashi a hannun wanda hankalinsa ke wani wuri.

Ra'ayina shi ne a bar haƙƙin yaji, a yi masa iyaka. Italiya ta yi haka tun dokarta ta 1990: ko ana yaji, jiragen ƙarfe 7 zuwa 10 na safe da na 6 zuwa 9 na dare sai sun tashi, akwai kuma ranakun bukukuwa da ba a yaji sam. Faransa ta wajabta wa ma'aikaci ya sanar awa 48 kafin ya shiga yaji. Mu ma za mu iya tsame jigilar alhazai da jiragen marasa lafiya, a wajabta sanarwa mai tsawo a bainar jama'a. Sai dai sharaɗin ya hau kan ɓangare biyu. In an ɗaure hannun ma'aikaci a makon Sallah, to a sa wa gwamnati da kamfani wa'adin da dole su cika yarjejeniyar da suka sa wa hannu, da tara in sun saɓa. Yajin 2023 ai kan ƙarin albashin da aka amince da shi tun 2019 ne, da ƙa'idojin aiki da aka bari a aljihun tebur.

Ku kuma matafiya, yaji ba ya faɗowa daga sama. Ƙungiyoyi kan ba da wa'adi, jaridu da rediyo na faɗa. Ku riƙa saurare kafin ku sayi tikiti, ku bar tazarar kwana biyu ko uku kafin Sallah ko ɗaurin aure. Ku tabbata lambar wayarku ce a kan tikitin, ba ta wanda ya saya muku ba. In an soke tashi, kuɗinku haƙƙinku ne: ku nemi a mayar ko a sauya muku rana, in an ƙi ku kai ƙara sashen kare haƙƙin fasinja na hukumar kula da sufurin sama ta NCAA. Don Allah kuma kada ku huce kan yarinyar da ke bakin kanta. Ba ita ta kira yajin ba, ba ita ta hana albashin ba.