Maganaɗisu Da Lantarki

A shekara ta 1831 wani masani a birnin Landan, Michael Faraday, ɗan maƙeri, ya naɗe wayar jan ƙarfe kamar gammo, ya haɗa bakinta biyu da wata allura mai nuna wucewar lantarki. Da ya cusa maganaɗisu cikin naɗin, sai allura ta karkata. Da ya bar shi ajiye, ta koma wurinta. Da ya zare shi, ta karkata ɗaya gefen. Ashe motsin maganaɗisun ne ke jawo lantarki.

Haka fitilar keke mai dinamo take. Taya ke juya maganaɗisu kusa da naɗin waya. In mai keke ya yi sauri, fitila ta haska ƙwarai. In ya tsaya kuwa, sai ta mutu, ko da tsakar dare ne.