Darasin Lafiya: Cututtukan da ke Kama Mai Ciki da Yadda Za Mu Kare Uwa da Jariri

Iyayenmu mata da magidanta mazauna Zighan da gonakin da ke kewaye, darasinmu na wannan fitowa a kan mai juna biyu yake. Idan mace ta ɗauki ciki, wasu cututtuka sukan fi yi mata tsanani, wasu kuma sukan bi ta mahaifa ko ta hanyar haihuwa su kama jariri. Abin da kan biyo baya shi ne ɓari, ko bakwaini, ko jariri ya zo babu rai, wani lokaci har uwar ta rasu. Yawancin wannan ana iya tare shi idan an gano da wuri.

Masu zuwa ta ruwa da abinci

Akwai ciwon hanta nau'in E, wanda ake ɗauka ta ruwan da bayan gida ya gurɓata. Alamarsa shawara ce: ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ga amai da kasala. A 2017 ya ɓarke a jihar Diffa ta Nijar, inda 'yan gudun hijira suke da yawa, kuma masu ciki ne suka fi mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mata 100 da ya kama a watanni uku na ƙarshen ciki, har 20 zuwa 25 na iya rasuwa. Don haka mu tafasa ruwan sha, mu rufe jarka, mu wanke hannu da sabulu. Nonon raƙumi ko na akuya ma sai an tafasa, nama kuma ya dahu sosai.

Masu ɓoyewa a jini

Tunjere, da ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B suna iya zama a jikin mace ba ta sani ba. Gwajin jini ne kaɗai ke nuna su. Tunjere allurar fenisilin ke warkar da shi, amma dole a yi wa maigida magani shi ma, in ba haka ba ya sake sa mata. Ƙanjamau kuwa, idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ke ɗauka. Idan tana sha yadda aka tsara, ba su kai 5 ba. Don ciwon hanta nau'in B, a yi wa kowane jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa.

Zafin fitsari da zazzaɓi

Zafin Fezzan yana busar da jiki, mata da yawa kuma suna riƙe fitsari saboda nisan bayi. Ciwon fitsari idan aka bar shi yakan hau ƙoda, ya tayar da naƙuda kafin lokaci. A yawaita shan ruwa, a kai fitsari gwaji, kada a sayi ƙwaya a kemis ba tare da takardar likita ba, domin wasu magunguna suna cutar da ɗan tayi. Wadda ta zo daga Agadas, Damagaram, Maraɗi ko Kano ba da jimawa ba, idan ta yi zazzaɓi ta faɗa wa likita inda ta fito, a gwada ta don zazzaɓin cizon sauro, tunda a nan bai yawaita kamar gida ba.

Ranar haihuwa

Mai ciki da ba a taɓa yi mata rigakafin tetanus ba tana buƙatar allura 2, tsakaninsu mako 4, ta biyun aƙalla mako 2 kafin haihuwa. Haihuwa a asibiti ta fi aminci. Idan ta zo a gida, ungozoma ta wanke hannu, ta yanke cibiya da sabuwar reza. Kada a shafa wa cibiya toka, ko kwalli, ko man goge baki.

Alamun da ba a kwana da su

Zazzaɓi, zubar jini, shawara, ruwa mai wari, faya ta fashe babu naƙuda, ko yaro ya daina motsi. Haka ma zazzaɓi a kwanakin jego, ko jariri ya ƙi kama nono. Duk wanda aka gani, a nemi ma'aikacin lafiya nan take, ko a wuce babban asibitin Sabha.

Mun san kunyar cikin fari takan sa yarinya ta ɓoye har ya fito. Iyaye mata, ku raka ta awo tun kafin wata uku su cika. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a je sau 8. Magidanta, kafin ku tafi gona ku bar kuɗin mota, ku shirya da mai motar da zai amsa kira ko da tsakar dare. Katin awo kuma ya zauna cikin leda tare da takardunku, domin idan tafiya ta kama, shi zai gaya wa likitan gaba abin da aka riga aka yi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabta. Allah Ya sauki masu ciki lafiya.